Da gaske ne muƙamuƙin yaro juyawa yake yi in yana girma?

Maman_Husna_Mabera
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman mai fahimtar da ni, don tun jiya abin nan yake cina. 'Yata tana da shekara 10 da wata huɗu. Tun da ta yi famfara haƙoranta na sama suka turo gaba. In tana zaune shiru leɓɓanta ba sa haɗuwa sai ta matse su, in ta matse kuma fatar haɓarta ta tattare kamar bayan lemo. Haɓar ma ta shige ciki. Da dare baki buɗe take barci, ga minshari, da safe matashinta jiƙe da miyau.

Mun kai ta wurin likitan haƙori, aka ɗauki hoton ƙashin kanta ta gefe, ya ɗora wata takarda a kai ya yi ta zane da awo. Ya ce matsalar ba ta haƙora kaɗai ba ce, wai muƙamuƙinta na ƙasa yana girma yana juyawa ƙasa da baya. Ya ce mu fara ganin likitan hanci da maƙogwaro, wayar gyaran haƙora kuma ba yanzu ba, mu dawo bayan wata shida a sake awo.

Ni dai na san ƙashi tsawo yake yi da kauri. Juyawa kuma ta yaya? Sannan jiran nan ba sakaci ba ne? Yara a Islamiyya sun fara tsokanarta, har ta daina buɗe baki in za a ɗauke ta hoto.

Alh_Bello_GawonNama
Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɗiya in sun yi famfara dut haka suke, hauru manya, huska ƙarama. In ta girma huskar za ta cim ma haurun. Ɗana na biyu haka shike sa'ad da yat tashi, har ƙannena na cewa a kai shi asibiti. Ba mu kai shi ko'ina ba. Yanzu ga shi can jami'a, in kin gane shi ba ki cewa ya taɓa yin hakanan.

Ummu_Khalid
Allah ya ba ta lafiya. Ina nan ina bibiya, don nawa yaron ma baki buɗe yake kwana.

Likitan_Haƙori_Skt
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Alhaji Bello yana da gaskiya a gefe ɗaya: haƙoran dindindin da cikakken girmansu suke fitowa, ba sa ƙaruwa, fuska ce ke biyo su a baya. Amma abin da abokin aikina ya gaya miki ma gaskiya ne, kuma shi ne ya sa labarin ɗan Alhaji ba zai zama na kowane yaro ba.

Ki sa yatsa a gaban kunnenki ki buɗe baki. Abin da kika ji yana motsi shi ne kan ƙashin muƙamuƙi. A yaro akwai guringuntsi a wurin, kuma nan ne babbar ma'aikatar girman muƙamuƙin ƙasa. Yana ƙaruwa ta sama da baya, sai ya ture sauran ƙashin ƙasa da gaba. To a daidai lokacin, muƙamuƙin sama ma yana saukowa daga gindin ƙoƙon kai, turamen haƙora na sama da na ƙasa kuma suna ƙara fitowa. Kin ga an sami tsere ke nan tsakanin bayan fuska da gabanta.

In ginshiƙin baya, wato daga kunne zuwa kusurwar muƙamuƙi, ya fi sauri, haɓa sai ta ɗago ta yi gaba. Wannan shi ya fi yawa a yara, kuma shi ya sa da yawansu haɓarsu ke fitowa da kanta lokacin balaga, kamar ɗan Alhaji. In kuwa ginshiƙin baya ya yi nawa, gaba ya riga shi, muƙamuƙi sai ya karkata ƙasa da baya. Fuska ta yi tsawo, haɓa ta shige, leɓɓa su kasa haɗuwa, wani lokaci haƙoran gaba na sama da na ƙasa su daina taɓa juna. Irin wannan yaro jira kawai ba ya gyara shi.

Wanda ya tabbatar da haka wani likita ne ɗan Suwidin, Arne Björk, da ya yi aiki a Kofanhagan ta Danmak. Daga 1951 ya riƙa dasa 'yan mitsi-mitsin allurai na ƙarfen tantalam a ƙashin muƙamuƙin yara, yana ɗaukar hotonsu shekara bayan shekara har suka girma.

Magini_Kware
Likita, bari in gani ko na gane. Kamar ƙyaure na. In kas sa ɗan dutse kusa ga inda ƙyauren ya rataya, can bakin ƙohwa sai ka ga ya bar hili babba, ko da dutsen bai kai ƙwarar gyaɗa ba. Turamen nan su na dutsen ke nan?

Likitan_Haƙori_Skt
Malam magini, ka gama magana. Turame suna kusa da mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne, haƙoran gaba suna nesa. In turmi ya ƙara fitowa da milimita ɗaya, buɗewar da za a gani a gaba takan ninka haka ko ta fi. Shi ya sa a yaro mai doguwar fuska muke kaffa-kaffa da duk abin da zai jawo turame waje, har da robobin da ake ratayawa a jikin waya. In aka yi garaje, haƙora su jeru, haɓa kuma ta ƙara shigewa.

Malama_Rabi_RunjinSambo
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne alluran nan. A dasa wa yaro lafiyayye ƙarfe a ƙashi, a riƙa haska shi da na'ura duk shekara? Me ya hana su auna hoton kawai?

Sadiq_ɗalibin_likitanci
Malama, yau kam da wuya kwamitin ɗa'a ya amince da irin wannan bincike, shi ya sa har yanzu ake komawa ga bayanansa. Dalilin alluran kuwa shi ne ƙashi ba ya tsayawa a auna shi. Ki tuna gulbin Rima bayan damina. Ruwa ya ci wannan gaɓa, ya zuba yashi a waccan, bayan 'yan shekaru ki ga gulbi ya matsa alhali ba wanda ya ɗauke shi. Haka ƙashi yake, ana zuba sabo a wani gefe, ana cinye tsoho a wani. In babu turke a tsakiya da ba ya motsi, ba za ki san nawa aka ci nawa aka zuba ba. Alluran su ne turken.

Da aka yi amfani da su sai aka ga cikin ƙashin yana juyawa sosai, a matsakaicin yaro kusan digiri 15 daga shekara 4 zuwa girma. Amma gyaran da jiki ke yi a gefen ƙasa na ƙashin yana rufe mafi yawansa, abin da ke bayyana a waje digiri 2 zuwa 4 ne kacal.

Wannan ci da zubin an san shi tun ƙarni na 18. John Hunter a Landan ya ciyar da aladu saiwar wani tsiro mai rina sabon ƙashi ja, ya ga ana ƙari a bayan ginshiƙin muƙamuƙi ana ragewa a gabansa. Ta haka ake samun gurbin turmin farko a shekara 6, na biyu a 12, da na ƙarshe wajen 18 zuwa sama.

Ɗan_Kasuwa_Illela
Ku gafarce ni, amma ni ina ganin yawon asibiti kawai za a sa baiwar Allah. Daga likitan haƙori a ce likitan hanci, daga nan a ce a dawo bayan wata shida, kowane zuwa da kuɗinsa. Yaro mai minshari tun kakanni wanzami ake kira ya cire beli a huta.

Nas_Hadiza
Malam, don Allah kar a kai ta wurin wanzami. Beli daban, abin da likita ke zargi daban. Akwai wani nama can bayan hanci, sama da ganɗa, ana ce masa adinoyid. Ko ka buɗe bakin yaro ka haska tocila ba ka ganinsa. Shi ne in ya kumbura yake toshe hanya, yaro ya koma shaƙa ta baki. Askar wanzami ba ta kai can. Na karɓi yara da aka cire wa beli aka kawo su suna zubar da jini, wasu da zazzaɓi mai zafi, minsharin kuma yana nan inda yake.

Likitan_Haƙori_Skt
Kan zancen hanci, ga yadda yake haɗuwa da muƙamuƙi. Kowa ya toshe hancinsa yanzu ya yi numfashi minti ɗaya. Kai zai ɗan ɗaga, muƙamuƙi ya sauka, harshe ya bar ganɗa ya kwanta ƙasa. In yaro ya shekara biyar a haka dare da rana, turame ba sa haɗuwa, sai su sami damar ƙara fitowa, mun koma kan dutsen Malam magini. Harshe kuma da ya kamata ya tokare ganɗa daga ciki ya tafi, kumatu suna matsawa daga waje, muƙamuƙin sama sai ya tsuke.

Linder-Aronson a Suwidin ya buga bincike a 1970 kan yara masu kumburin naman nan, ya samu a jimlace fuskokinsu sun fi tsawo. Bayan an cire, girman wasu ya ɗan karkato gaba. Sai dai kar a ɗauka cire nama zai dawo da haɓa. Bambancin ba mai yawa ba ne, kuma akwai yara masu doguwar fuska da hancinsu lafiya lau. Ana duba hanci ne da farko don barcin yarinyar da numfashinta, amfanin da fuska za ta samu ƙari ne.

Maman_Husna_Mabera
Na gode ƙwarai, yanzu na fara ganin hoton a kaina. Akwai abu biyu da ban faɗa ba. Ta sha babban yatsa har ta kai shekara 7, mun sa maɗaci, mun ɗaure da tsumma, sai da ta shiga aji biyu ta bari don kunya. Sannan gwaggonninta biyu haka haɓarsu take. To wanne ne a ciki, yatsa, hanci ko gado?

Sadiq_ɗalibin_likitanci
Hajiya, suna iya haɗuwa duka. Yatsa yakan tura haƙoran sama waje, ya kwantar da na ƙasa ciki, ya bar taga a gaba. In an bari kafin haƙoran dindindin na gaba su fito, yawanci yana gyaruwa da kansa. Ita ta ɗan wuce lokacin. Tsarin ƙashin kansa kuwa gado yana da hannu babba.

Mai_son_tarihi
Zancen gado ya tuna mini gidan sarautar Habsburg na Turai. Haɓarsu ta yi suna saboda turowa gaba, tana bin su daga kaka zuwa jika, ga yawan auren dangi a tsakaninsu. Sarkin Sifen Charles na biyu, wanda ya rasu a 1700, shi aka fi ba da misali da shi, an rubuta cewa tauna ma wahala take ba shi.

Baban_Amir_Arkilla
Irin wannan ce a gidana, kuma shi ya sa kalmar "jira" take ɗaga mini hankali. Ɗana tun yana shekara 7 haƙoransa na ƙasa suke gaban na sama. Na kai shi wani wuri, mutumin ko hoto bai ɗauka ba, ya leƙa bakin ya ce mu dawo in ya gama famfara gaba ɗaya. Muka dawo yana 14. A wani asibitin aka ce mana da an zo kafin ya kai 10, akwai abin da ake sa wa yaro a fuska, ya dafa goshi da haɓa, robobi su riƙa jawo muƙamuƙin sama gaba tun mahaɗan ƙashin ba su kama ba. Yanzu sun ce sai ya gama girma a duba yiwuwar tiyata. Yana 17, cizon tsire ma da gefen baki yake yi. Hajiya, ki tambaya da kyau, jiran me ake yi, kuma har yaushe.

Likitan_Haƙori_Skt
Baban Amir, Allah ya sa a dace. Tambayar da ka ba ta ita ce daidai. Naka da nata kishiyoyi ne, lokacinsu ma ba ɗaya ba. Muƙamuƙin sama yana riga na ƙasa gama girma, don haka in shi ne ya gaza, da wuri ake kama shi. Na ƙasa kuwa sai lokacin da yaro ya yi zumbur ɗin balaga yake bayar da mafi yawa, mata wajen 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14. A namiji yana iya ci gaba har kusan shekara 20, shi ya sa ba a gaggawar yi wa ɗanka tiyata, kar a gyara ya sake turowa. Ƙungiyar likitocin gyaran haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7, ba don a sa masa waya ba, don a raba masu jira da waɗanda ba su da lokacin jira.

Inna_Wurno
Ni nawa labari daban na, amma ku saurara. Ɗan ƙanwata ya hwaɗo daga amalanke shina shekara biyar, yab bugi haɓa. Anka kai shi wani shagon magani anka ɗunke wurin, jini yat tsaya, munka gode ma Allah. Ba wanda yad duba gaban kunne. Sannu-sannu baki ya riƙa ƙin buɗewa. Da hwari lomar tuwo ta ƙanƙance, daga baya sai hura da kunu yaka sha ta tsakanin hauru. Shina shekara tara haɓa tai ta karkace gehe guda, ta shige kamar ba ta. Da munka kai shi asibiti sunka ce mahaɗar ta karye tun wancan lokaci, ƙashi ya haɗe da ƙashi. An yi mai aiki. Bayan aikin kullum uwa tai na jera 'yan itatuwan nan da likita ka danne halshe da su, tana ƙara guda-guda tsakanin hauru nai, shina kuka tana kuka. Yanzu shina cin tuwo, amma huskar ba ta koma daidai ba.

Nas_Hadiza
Inna, Allah ya saka wa uwar nan. Abin da Likita ya faɗa a sama ke nan: wurin da ya karye shi ne wurin girma, in ya mutu gefen nan ya tsaya, lafiyayyen gefe ya ci gaba, haɓa ta karkata wajen da ya ji ciwo. Duk yaron da ya faɗi kan haɓa a duba gaban kunnuwansa, ko da raunin waje ƙarami ne.

Muna ganin ɗaurewar muƙamuƙi kuma a yaran da suka tsira daga noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Tabon da ta bari yakan ƙanƙance ya kulle baki. Nan Sakkwato akwai asibitin yara masu noma tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Gwaji mai sauƙi a gida: mutum ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba. In na yaro da kansa biyu ma ba sa shiga, a kai shi.

Uwar_Jarumi
Tunda an taɓo haƙoran sama masu turowa, kar a manta da sikila. Ɗana yana da ita, kuma muƙamuƙinsa na sama ya yi gaba, haƙoran sun rarrabu. Likitansa ya ce ɓargo ne ke faɗaɗa saboda aikin ƙera jini ya yi masa yawa, sai ƙashin fuska ya bi shi. Ba ina cewa 'yar Hajiya haka ne ba, amma a ƙasarmu ya kamata a san nau'in jinin yaro, AA ne ko AS ko SS, kafin a fara. Mu an ce in za a sa waya, sai likitan jini ya sani, kuma a hankali za a riƙa ja.

Maman_Husna_Mabera
Uwar Jarumi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ita AA ce, an gwada tun tana jaririya.

Abba_Minanata
Ni tambayata, bidiyoyin da ake yaɗawa a TikTok cewa in ka manna harshe a ganɗa kana tauna cingam mai tauri muƙamuƙinka zai fito, gaskiya ne? Shekarata 22.

Sadiq_ɗalibin_likitanci
Abba, a 22 ƙashin ya riga ya tsaya. Abin da zai ƙaru shi ne tsokar tauna a gefen kumatu, kuma in ka matsa za ka iya jawo wa mahaɗar ciwo da ƙara. Babu ingantaccen gwaji da ya nuna hakan na sauya ƙashin babba.

Alh_Bello_GawonNama
Amma ni ina ga akwai gaskiya ga zancen tauna. Mu mun tashi da goriba da rakke da aya da ƙilishi. Ɗiyan yanzu indomi da burodi da shayi. Can ƙauyenmu da wuya ka ga tsoho da hauru bisa hauru. Kuma zancen juyawan ga, na tuna kakata. Da haurunta sunka zube dut, haɓarta ta taho gaba ta ɗago har kamar ta taɓa hanci. Ashe abin da Likita ka hwaɗi na, an ɗebe dutsen, ƙyaure ya wuce wuri nai.

Likitan_Haƙori_Skt
Ranka ya daɗe, misalin kaka ya fi duk zanen da zan yi. Kan abinci kuma, masu nazarin ƙasusuwan mutanen da sun lura cunkoson haƙora ya ƙaru a al'ummomin da suka koma abinci mai laushi. A ba yaro abin tauna yana da kyau. Amma goriba ba za ta juya muƙamuƙin da ya riga ya kama hanyar baya ba.

Hajiya_Luba_Kano_Road
Maman Husna, ni ban jira ba. 'Yata tana shekara 9 muka je Kano aka yi mata wani abu mai suna Twin Block, roba biyu ce, ta sama da ta ƙasa, in ta rufe baki dole ta turo muƙamuƙi gaba. Wata goma ta sa, tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa ta rufe, haɓa ta fito. Wahalar ita ce zirga-zirga, don masu wannan fanni ba su da yawa a Arewa, mafi yawansu suna Legas da Ibadan da wasu biranen kudu. In kina da hali ki nemi ra'ayi na biyu.

Likitan_Haƙori_Skt
Ra'ayi na biyu ba laifi, ina goyon baya. Na'urar da Hajiya Luba ta ambata William Clark ne ya ƙirƙiro ta a Sikotlan a 1977, kuma tana aiki. Sai dai a san irin aikin. Wani babban gwaji a Birtaniya ƙarƙashin Kevin O'Brien na Manchesta ya raba yara 'yan shekara 8 zuwa 10 gida biyu, aka yi wa wasu da wuri, wasu aka bari sai sun fara balaga. Rahoton 2003 ya nuna tazarar ta ragu sosai, amma mafi yawan gyaran daga karkatar haƙora ne, ƙarin ƙashi kaɗan ne. Da aka bi su zuwa rahoton 2009, ƙarshen rukunin biyu kusan ɗaya, illa waɗanda aka fara da wuri sun fi daɗewa suna zuwa asibiti.

Sannan 'yar Hajiya Luba ƙila mai juyawa gaba ce, girma yana taimakon likita. A mai juyawa baya, na'urar in ba a tsara ta da kyau ba tana iya ƙara tsawon fuska. Hoton gefe yana nuna alamu: karkatar kan ƙashin, wani lotsawa a gefen ƙasa gaban kusurwa, siffar ƙashin haɓa, tsawon fuska daga hanci zuwa haɓa. Björk ya jera guda bakwai a 1969. Hoto ɗaya yana nuna inda ake, biyu ne ke nuna inda aka dosa. Ina jin dalilin wata shidan ke nan.

Malama_Rabi_RunjinSambo
Likita, na ji lissafin ƙashi, amma ni malamar aji ce. Yarinyar da ta daina dariya tana shekara 10, jiran shekara biyu zuwa balaga a wurinta ba kaɗan ba ne. Ina da ɗaliba da ta daina ɗaga hannu a aji saboda sunan da aka laƙaba mata. Kuma haƙoran da suka turo su ne ke fara karyewa in yaro ya faɗi a filin wasa, na gani da idona. Wannan ba ya shiga awo?

Likitan_Haƙori_Skt
Yana shiga, Malama. Su ne ma dalilai biyu da ake karɓa na farawa da wuri: tsangwama, da haɗarin karyewar haƙori in tazarar ta yi yawa. Gwajin Manchesta kansa ya samu yaran da aka yi wa da wuri sun fi jin daɗin kansu a lokacin. Iyaye su faɗa wa likita wannan a fili, ba ya fitowa a hoto.

Ummu_Khalid
Ni kuma ina roƙon kar a mai da kowane baki cuta. Mu baƙaƙen fata haƙoranmu da leɓɓanmu sun fi na Turawa fitowa gaba, halittarmu ce, kuma awon da ke cikin littattafan nan a kan 'ya'yansu aka fara yin sa. Har wushirya na ji wata tana so a rufe wa 'yarta, abin da iyayenmu ke yabo. Ga 'yan mata kuma suna zuwa shago a manna musu waya don ado, ba hoto ba awo.

Maman_Husna_Mabera
Salam, na dawo bayan kwana tara. Mun ga likitan hanci. Ya zura wani siririn bututu mai fitila, ya nuna mini a allo, naman ya kusa rufe hanyar. Ya ba da maganin fesawa na sati shida, ya ce in minshari bai ragu ba za a yi maganar cirewa. Ya ce in riƙa ɗaukar ta bidiyo tana barci don a ga ko numfashinta na tsayawa. Daren jiya na zauna bakin gadonta da waya a hannu har ƙarfe biyu, sau uku na ji ta yi shiru sannan ta ja da ƙarfi.

Na koma wurin likitan haƙori da tambayar Baban Amir. Ya ce tazarar milimita 8 ce, daidai kuwa 2 zuwa 3. Ya ce yana duba ƙasusuwan wuyanta a hoton don ya san ko zumbur ɗin ya kusa, ya kuma ce in riƙa auna tsawonta a bango duk wata, in ta fara tashi da sauri in kawo ta ko wata shidan bai cika ba. Wai in aka jira har ta fara al'ada, ganiyar girman ta wuce. Na gaya masa zancen tsokana, ya yi shiru, ya ce zai sake tunani in an gama da hanci.

Baban_Amir_Arkilla
To wannan jira ne mai dalili. Ki rubuta ranar a takarda ki manna a ƙofar firij.

Hajiya_Luba_Kano_Road
Ni dai har yanzu milimita 8 ta yi mini yawa a bar yarinya tana guje-guje da ita. Ko abin kare haƙori na roba a ba ta kafin lokacin.

Magini_Kware
Likita, tambaya guda ta rage mini. In an buɗe hancin, ta koma rufe baki, turamen da sunka riga sunka hito suna komawa ciki, ko sai dai a hana su ƙaruwa?

Ummu_Khalid
Ni ma ita nake jira. Kuma Nas Hadiza, nawa yaron shekararsa 5, wane sashe zan fara kai shi, na hanci ko na haƙori?